RA'AYINMU: Cibiyar Binciken Yanayi ta Yamai da Zanen Aro

A hayin kogin Kwara a birnin Yamai, ba nisa da Jami'ar Abdou Moumouni, akwai wata cibiyar bincike da ake kira AGRHYMET. Kaɗan ne daga cikinmu, ɗalibai da ƙananan ma'aikatan gwamnati, suka taɓa jin sunanta, alhali kuwa aikinta ya shafi tuwon da kowannenmu yake ci. An harhaɗa sunan ne daga farkon kalmomi uku na Faransanci, wato ilmin noma, da ilmin ruwa, da ilmin yanayin sama. Gwamnatocin ƙasashen Sahel ne suka kafa ta, kuma da sunansu take aiki. Mun ga ya dace mu keɓe wannan shafi domin mu yi magana a kanta, saboda muna ganin an doshi lokacin da za a tambayi ƙasashenmu ko da gaske suke nufin riƙe irin wannan cibiya da kuɗinsu, ko kuwa za su ci gaba da jingina ta ga aljihun baƙi.

Yunwa ce ta haifi cibiyar. Daga shekarar 1968 zuwa 1974 damina ta yi ta gazawa a faɗin Sahel, abin ya fi tsanani a 1972 da 1973. Shanu sun mutu garke-garke, rumbuna sun ƙare, mutanen karkara suka kwararo birane suna neman abin kai wa baka. A 1973 tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya rabe gida biyu. A watan Afrilun 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Nijar, kuma yadda aka tafiyar da abincin agaji yana cikin laifuffukan da suka ɗora mata. Babban abin takaici shi ne bala'in bai faɗo dare ɗaya ba. Shekara biyar yana tafe yana ƙara ƙarfi, amma babu wani wuri guda da ake tattara awon ruwan ƙasashen yankin a dube shi tare, balle a buga kuge tun da sauran lokaci.

Saboda haka a watan Satumban 1973 ƙasashe shida suka haɗu a Wagadugu, wato Nijar, da Mali, da Cadi, da Senegal, da Muritaniya, da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, suka kafa kwamitin yaƙi da fari mai suna CILSS. A 1974 kwamitin ya buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. An ɗora mata aiki iri biyu. Na ɗaya, ta horar da 'ya'yan ƙasashen yankin su zama masu awon ruwan sama da na kogi da lura da lafiyar shuka. Na biyu, ta riƙa karɓar awo daga kowace ƙasa, ta haɗa shi da hotunan tauraron ɗan'adam, ta fitar da bayani a kai a kai kan yadda damina take tafiya, da inda amfani zai gaza, da inda makiyaya za su rasa ciyawa. Tun 1998 kuma masanan yankin suke zama kowace shekara kafin faɗuwar ruwa, tare da wata cibiyar ta nahiyar Afirka mai suna ACMAD wadda ita ma a Yamai take, domin su fitar da hasashen daminar da ke tafe.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa awon ruwa zai buƙaci cibiya sukutum da kuɗin gwamnati? Dalilin yana cikin halin daminar kanta. Iska biyu ne suke karo a samanmu: mai laima da ke tasowa daga tekun Gini ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke saukowa daga Sahara, wadda muke kira iskar hunturu. Iyakar da suke haɗuwa tana hawa arewa daga bazara har zuwa watan Agusta, sa'an nan ta juya ta koma kudu. Iya nisan da ta kai da iya daɗewar da ta yi, su ne tsawon daminar kowane gari. Bugu da ƙari, yawancin ruwan da ke sauka a Sahel manyan hadura ne suke kawo shi, waɗanda ke haɗuwa a gabas su nufi yamma, shi ya sa manomi gabas yake duba in yana jiran ruwa. Haduran nan ba su da yawa a damina guda, in uku ko huɗu suka kauce wa gunduma a lokacin da gero ke fitar da kai, shekarar ta lalace. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun dasa ma'aunan ruwa kusan 100 a kewayen Yamai, suka tabbatar da abin da manoma suka daɗe da sani, cewa ƙauye zai ƙoshi da ruwa maƙwabcinsa yana roƙon ruwa. Irin wannan sama ba ta aunuwa da tasha ɗaya a filin jirgin sama na babban birni. Sai an baza ma'aunai, an sa mutum ya karanta su kowace safiya, shekara da shekaru ba fashi. Babu ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a aikin da ribarsa ba za ta fito ba sai bayan shekara talatin, kuma in ta fito kowa ne zai ci. Wannan nauyi ne na hukuma, tamkar tsaron iyaka da haƙa rijiyar gari.

Akwai wani darasi a tarihin binciken farin nan da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. A 1975 wani mashahurin masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari fat ta riƙa mayar da hasken rana sama, iskar da ke bisanta ta yi sanyi ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa. Bayanin yana da ma'ana a lissafi, kuma nan da nan ya shiga bakin masu tsara manufofi. Shekaru da dama ana nuna makiyayi da manomin Sahel da yatsa, ana cewa su suka jawo wa kansu fari da yawan shanu da saran daji. Sai a 1986 masu bincike na ofishin yanayi na Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin zafin tekunan duniya, musamman bambancin zafi tsakanin tekun arewa da na kudu. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa wannan da lissafin kwamfuta, suka nuna cewa canjin zafin teku kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin. Wasu binciken kuma suka gano cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya tura ruwa kudu ya bar mu. Gaskiya ne lalacewar ƙasa tana ƙara wa fari tsanani, amma tushen bala'in yana can nesa da burtalin Bafulatani.

Kusan shekara talatin ke nan aka ɗauka kafin a sassauta wa talakan Sahel laifin da ba nasa ba. Wanda ya kawo zargin da waɗanda suka warware shi duk a cibiyoyin ƙasashen waje suke, waɗanda gwamnatocinsu ke biya. Awon da suka yi aiki da shi kuwa namu ne, wanda ƙananan ma'aikata suka rubuta da hannu a tashoshi irin na Kano da Yamai tun farkon ƙarni na 20. Ba mu raina aikin waɗannan masana ba, mun gode musu ma. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Al'ummar da ba ta iya nazarin samanta da kanta, sai ta zauna ta jira wasu su gaya mata ko ita ce mai laifi. A daidai shekarun da ake zargin manomi, manoman Maradi da Damagaram suna can suna barin tsiron itatuwa a gonakinsu suna renonsa, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5.

To, ina aka kwana game da riƙon cibiyar? Tun kafuwarta zuwa yau, kaso mai tsoka na kuɗin ayyukanta daga masu ba da agaji yake fitowa, irin su Amurka da Faransa da Tarayyar Turai da manyan bankunan raya ƙasa. Kuɗin agaji kuwa yana zuwa ne da wa'adi, shekara uku ko biyar, kuma yana bin abin da mai bayarwa ya ga dama a lokacin. In wa'adi ya cika, sai na'ura ta tsaya don rashin kayan gyara, ƙwararren da aka kashe kuɗi aka horar ya tattara ya nufi inda za a biya shi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, mun kuwa ga tabbacin haka kwanan nan. A 1985, bayan yunwar 1984, gwamnatin Amurka ta kafa wani tsarin gargaɗin yunwa mai suna FEWS NET wanda ƙasashen Afirka da dama suka dogara da shi. A watan Janairun 2025, da sabuwar gwamnati ta dakatar da agajin ƙasashen waje, tsarin ya yi shiru na tsawon watanni, sa'an nan aka rushe hukumar USAID da ke ɗauke da shi. Babu wanda ya nemi shawararmu, kuma ba mu da hurumin ƙorafi, tun da kuɗin ba namu ba ne.

Mu dubi yadda wasu suka yi. A 1975, shekara guda bayan buɗe cibiyar Yamai, ƙasashen Turai suka haɗa kai suka kafa tasu cibiyar hasashen yanayi a garin Reading na Ingila. Kowace ƙasa tana zuba rabonta daga baitulmalinta gwargwadon ƙarfin arzikinta, shekara bayan shekara. A yau hasashenta yana cikin mafi inganci a duniya, har ofisoshinmu ma da shi suke aiki. Mun sani arzikinmu bai kai nasu ba. Amma abin koyi a nan shi ne ɗorewa, ba yawan kuɗin ba. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha nuna cewa tashoshin awo a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Ma'aunin ruwa kuwa mazurari ne da kwalba, kuɗinsa bai kai na tayar motar babban sakatare ba. Wanda ya ce tauraron ɗan'adam ya wadatar, ya sani cewa tauraro sanyin saman gajimare yake gani ya ƙiyasta ruwa, kuma sai an gwada ƙiyasinsa da abin da ya taru a kwalba a ƙasa kafin a amince da shi.

Kada wani ya ɗauka cewa tun da damina ta ɗan farfaɗo bayan shekarun 1990 buƙatar ta ragu. Ruwan ya dawo da wani hali dabam. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa haduran Sahel mafi tsanani sun ninka sau uku tun 1982. Kogin Kwara da ya daina gudu a Yamai a watan Yunin 1985, shi ne ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a 2020, ya shiga unguwanni. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya. A watan Afrilun 2024 taron hasashen yankin ya yi gargaɗin damina mai ruwa da yawa da haɗarin ambaliya a yawancin Sahel. A watan Satumba na wannan shekarar madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe. Gargaɗin ya fito a kan lokaci, amma tsakanin takardar masana da magudanar unguwa akwai tazarar da ba a cike ba.

Wannan ya kawo mu kan Najeriya. Ƙasar ba ta cikin kwamitin CILSS, ko da yake tana da hukumarta ta NiMet wadda dokar 2003 ta kafa, da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi, kuma masananta suna halartar tarukan hasashen yankin. Muna ganin wannan bai isa ba. Hadarin da zai sauka a Kano ko Katsina sau da yawa ta kan Cadi ko Nijar yake biyowa. Ƙurar hunturu da ke tsayar da jirage, daga kwarin Bodele na arewacin Cadi mafi yawanta take tasowa. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake fita, ya ratsa Nijar, ya komo Najeriya ya faɗa Rima. Wani kaso na ruwan da ke juya injinan Kainji da Jebba sai ya wuce ta Yamai. Siyasa tana rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 1984 ana tsakiyar yunwa, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. A watan Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Ba aikin wannan shafi ba ne ya raba gardamar shugabanni. Roƙonmu shi ne duk yadda aka ɓata, a bar awon ruwa da na kogi ya riƙa ƙetare iyaka kowace rana, domin wanda za a cuta in an tsare shi manomin Jibiya ne da na Madarumfa, waɗanda kasuwarsu ɗaya, surukansu ɗaya.

Saura matakin ƙarshe, wanda ya fi shafarmu. Hasashe ba ya da amfani sai ya isa kunnen mai gona da harshen da yake ji. Ƙasar Mali ta gwada wata dabara tun 1982: aka raba wa manoma ma'aunan ruwa, aka koya musu karantawa, masana suna zama duk bayan kwana goma su fitar da shawara a watsa ta gidan rediyo. Manomi ya san milimita nawa zai jira kafin ya zuba iri, maimakon ya bi ruwan farko na yaudara ya yi asarar irinsa. Hukumar NiMet ma tana fassara hasashenta na shekara zuwa Hausa. Sai dai fassara irin wannan tana son ilmi. Masana ba su cewa tabbas za a yi ruwa kaza, rinjaye suke faɗa. Misali, suna iya cewa kashi 45 cikin ɗari damina za ta wuce yadda aka saba, kashi 35 ta yi daidai, kashi 20 ta gaza. In mai karanta labarai ya taƙaita ya ce an ce bana ruwa zai yi yawa, sai kuma aka faɗa cikin kashi 20 ɗin, manomi ba zai sake sauraron rediyo a kan wannan batu ba. Haka nan wajibi ne a fahimtar da jama'a cewa hasashe ba da'awar sanin gaibu ba ne. Lura ne da alamu, irin wanda tsoho yake yi in ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce a kwashe shanya.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da abubuwa kamar haka. Na farko, kowace ƙasar yankin ta sa rabonta na riƙon cibiyar Yamai da tashoshinta na gida cikin kasafin kuɗin shekara a matsayin wajibi, a biya albashi da gyaran na'urori daga nan, kuɗin baƙi ya zama ƙari. Na biyu, Najeriya ta ɗauki rabon da ya dace da girmanta a wannan aiki na haɗin gwiwa, ta daina zaman baƙon da ake gayyata taro. Na uku, jihohi da ƙananan hukumomi su dasa ma'aunin ruwa a kowace gunduma, a makarantar firamare ko ɗakin shan magani, a ba wanda ke karanta shi ɗan alawus da ba ya yankewa. Na huɗu, a tanadi fili na dindindin a gidajen rediyo duk kwana goma a lokacin damina, masani da malamin gona su zauna tare su yi wa manoma da makiyaya bayani.

Mu ma akwai namu. Tsofaffin rajistocin ruwa suna nan jibge a ofisoshin gona da na lardi, gara da yoyo suna cin su, kuma duk shafin da ya lalace ya tafi ke nan, domin ba a sake auna ruwan shekarar da ta wuce. Ɗaliban labarin ƙasa da lissafi da aikin gona suna iya mayar da kwafe su cikin kwamfuta aikin kammala digirinsu, ya fi maimaita abin da wasu suka riga suka rubuta. Ɗaliban Hausa su zauna da na kimiyya su daidaita kalmomin da za a riƙa bayyana hasashe da su, don kada kowane gidan rediyo ya riƙa ƙirƙirar nasa. Wanda aka tura aiki ƙauye kada ya ɗauki karanta kwalba da ƙarfe bakwai na safe a matsayin wulaƙanci, kada kuma ya zauna a gida ya cike takarda da lambobin ƙarya ranar da ya makara, gara ya bar gurbin a buɗe. Lambar ƙarya guda takan shiga lissafi ta ɓata shawarar da za a ba dubban mutane. Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka fara aiki a ma'aikatun kuɗi da tsare-tsare, wata rana fayil ɗin tashar awo zai zo teburinku ana neman inda za a rage. Ku tuna da abin da ya sa aka buɗe ta.

Kakanninmu sun ba yunwar 1913 zuwa 1914 suna Kakalaba, iyayenmu sun ga ta 1973 da ta 1984 da idonsu. Waɗanda suka zauna a Wagadugu sun ɗauki alkawarin cewa fari ba zai sake shigo mana ba sallama ba. Fiye da shekara hamsin ke nan cibiyar da suka bari tana tsaye, ta horar da ma'aikata masu yawa da ke riƙe da ofisoshin yanayi da na ruwa a ƙasashen yankin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu da rumbuna ke da sauran hatsi ya kamata gwamnatocinmu su karɓi nauyinta, mu kuma mu shirya karɓar aikinta. Allah Ya ba mu damina mai albarka.